Hasken da ke ƙaruwa yana raguwa a sama da dare: daga ina yake?

Tambaya: Wani mai karatu daga bayan garin Abuja ya rubuto cewa tun shigowar hunturu yake hango wani haske a sararin sama ta wajen cikin gari, yana ƙaruwa yana raguwa, wani lokaci shuɗi, wani lokaci ja ko fari, kuma babu wata ƙara. Maƙwabta sun rabu, wasu na cewa jirgi ne mara matuƙi, wasu na cewa aikin aljanu ne. Ya kuma tambaya ko allunan talla masu kama da talabijin, waɗanda ke kashe masa ido a hanyarsa ta komawa gida, suna da haɗari ga direbobi.

Amsa: Malam, ga dukkan alamu amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce. Allon talla na zamani dubban ƙananan fitilun LED ne masu launin ja da kore da shuɗi, kuma an ƙera shi ya yi gogayya da hasken rana, shi ya sa ƙarfinsa da rana yakan kai nit 5,000 ko fiye (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo), alhali fuskar waya nit ɗaruruwa kawai take bayarwa a amfanin yau da kullum. Idan dare ya yi ba a rage wannan ƙarfi ba, wani ɓangare na hasken yakan haura sama, ƙurar hunturu ko gajimare na ƙasa-ƙasa su watsa shi su mayar da shi, har mutumin da gine-gine ko tuddai suka tare wa allon ya riƙa ganin hasken ba tare da ya ga tushensa ba. Duk lokacin da talla mai farin bango ta maye gurbin mai duhu, sai sama ta yi kamar ta buɗe ido. Shi ya sa ba ka lura da abin ba sai da hazo ya sauka.

Kana iya tabbatarwa da agogon wayarka. Ka ƙidaya sakan nawa ne tsakanin canji da canji, ka kuma lura ko launukan suna dawowa a jere iri ɗaya. Idan tazarar ba ta sauyawa, kamar sakan 8 ko 10, kuma jerin yana maimaita kansa, to allo ne. Jar fitilar da ke kan ƙarfen sabis don gargaɗin jiragen sama ɗigo ce guda a wuri ɗaya, ba ta cika sama. Hasken masu walda fari ne mai ratsin shuɗi, yana fizga babu tsari. Walƙiyar hadari mai nisa, wadda tsawarta ba ta isowa kunne, ita ma ba ta da tsari, kuma ba abar hunturu ba ce.

Batun haɗari shi ne ya fi cancantar damuwa. Wani bincike da aka yi a Amurka, wanda aka sa na'urorin ɗaukar hoto a motoci 100 aka fitar da sakamakonsa a 2006, ya nuna cewa kawar da ido daga hanya fiye da sakan 2 yana ninka yiwuwar yin haɗari ko kusantarsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 56 a wannan ɗan lokaci, kuma a cikin wannan tazara ce ɗan acaba ke kutsowa ko mai tafiya a ƙasa ke tsallakawa. Idon ɗan Adam kuwa an halicce shi da saurin juyawa ga duk abin da ya motsa ko ya canza a gefensa, don haka direba ba ya zaɓar kallon allon, allon ne ke fizgar idonsa. A Sweden an gwada irin waɗannan alluna a babbar hanyar da ta ratsa Stockholm, bincike ya nuna direbobi sun fi daɗewa suna kallonsu fiye da sauran alamun hanya, daga baya aka cire su. Gaskiya ne cewa danganta wani haɗari takamaimai da allo yana da wuya, kuma masu sana'ar talla sukan fake da hakan, amma a ganina wannan ba hujja ba ce ta barin allo yana haske da ƙarfin rana da tsakar dare. Bayan haka akwai kashe ido: wanda ya wuce allo mai tsananin haske ya faɗa hanya marar fitilu yakan ɗauki wasu sakanni kafin ganinsa ya dawo daidai, kuma abin ya fi tsanani ga dattawa.

Maganin ba sabo ba ne. Hukumar manyan hanyoyin Amurka ta ba da shawara a 2007 cewa kowace talla ta tsaya kimanin sakan 8, ba tare da hoto mai motsi ko ƙyaftawa ba. Faransa ta wajabta kashe tallace-tallace masu haske daga ƙarfe 1 zuwa 6 na safe, birnin Sao Paulo na Brazil kuma ya tuge allunan talla baki ɗaya daga 2007. Yawancin allunan suna da na'urar rage haske idan duhu ya yi, sai dai a ƙi kunna ta ko ta lalace. A Abuja sashen DOAS na hukumar birnin tarayya ne ke kula da tallan waje, a Legas kuma hukumar LASAA ta gwamnatin jihar. Idan za ka kai koke, ka rubuta wurin da allon yake da lokacin da ka gan shi, ka nemi a rage haskensa da dare, a kuma hana hoto mai motsi a kusa da mahaɗar hanyoyi da shataletale.