Ɗalibin Damagaram a Legas: kowace Asabar sai Agege?

Wani ƙanenmu daga Damagaram ya rubuto. Yana karatun Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, an turo shi Jami'ar Legas da ke Akoka ya yi wata tara a shirin musayar ɗalibai, yanzu wata biyu ke nan da isowarsa. Ya ce Litinin zuwa Alhamis ba shi da damuwa, lacca da laburare sun cika masa yini. Amma da an sauko daga Juma'a sai ɗaki ya yi masa faɗi, abokan kwanansa kowa ya kama gabansa, shi kuma ya tattara ya tafi Agege wurin wani ɗan garinsu, ba ya dawowa sai daren Lahadi. Mutumin ya yi masa tayin babur ya riƙa yin acaɓa a waɗannan kwanaki biyu. A gida kuma Inna ta fara tambayar ko akwai abin da zai aiko. Ya rufe da cewa hatimin kan iyaka kaɗai ke cikin fasfonsa, ko ya isa?

Ƙanena, sannu da baƙunta. Tambayar da ka ajiye a ƙarshe ita zan fara ɗauka, domin ita ce mai wa'adi.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ku kuke kira CEDEAO, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba tare da biza ba. Wanda zai zarce haka sai ya nemi katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Kai ka ci kusan 60. Sannan ka san Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen waɗannan ƙasashe, su bar musu 'yancin shiga da zama har sai an fitar da sabon tsari. Sassauci ne na wucin gadi, ba abin da mutum zai miƙe ƙafa a kansa ba. Saboda haka ranar Litinin ɗin nan ka je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'a, ka ce a ba ka wasiƙar da ke tabbatar da kai ɗalibinsu ne da tsawon zamanka, su kuma gaya maka teburin da za ka kai ta a Shige da Fice. Kada ka bi ta hannun ɗan kamasho da zai tare ka a bakin ƙofa ya ce zai gama maka yau-yau. Ka biya abin da aka rubuta, ka karɓi rasit. Fasfo ya zauna a akwati, kwafinsa da katin makaranta su zauna a aljihu, hotonsu kuma a waya.

Batun acaɓa kuwa, a'a. Ba raina sana'ar na yi ba, ta ciyar da gidaje da yawa a Arewa da Nijar. Amma tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana ta a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba ta ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Ka duba, makarantarka a tsakiyarsu take. Agege ba ta cikin jerin, to amma manyan tituna da gadoji haramtattu ne ga babur ko'ina a jihar, kuma ba ka san inda fasinja zai ce ka kai shi ba. In aka kama, babur ya tafi, niƙe shi ake yi, mai tuƙi da wanda aka goya duk ana iya gurfanar da su. Ɗan ƙasa ma da ƙyar yake fita, balle kai da za a buɗe fasfonka a ga karatu ka zo. Kuɗin babur ɗin mutane kuma yana wuyanka. In aljihu ya matsa, kana da abin da ya fi babur tsada a Akoka: Faransanci. 'Yan sashen harsunan Turai suna neman wanda za su yi hira da shi kafin jarrabawa. Ka fara tambayar ofishin nan abin da takardarka ta yarda ka yi. Ko ba kuɗi, sa'a ɗaya ta Faransanci a musanya da sa'a ɗaya ta Ingilishi riba ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Na san abin da ke jan ka Agege. Ka sauka wajen gadar Pen Cinema, ka ratsa cikin zango, kunnenka ya huta. Ga mai waina tana juya tanda, ga mai shayi ya jera burodin Agege, ana sallar Magariba a kan tabarmi har bakin kwata, bayan Isha'i a kafa hirar farashin goro da labarin damina a Matamaye. Ba wanda zai ce ka maimaita abin da ka faɗa. Hausawa sun kafu a wurin tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, suna da sarkinsu, kuma yana da kyau ɗan garinku ya kai ka ka gaishe da manya, su san fuskarka tun kafin wata buƙata ta taso. Amma lissafa da kanka. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi kusan sulusin mako ne. A wata tara, wata uku ke nan za ka yi kana Hausa zalla, abin da ka baro a unguwannin Birni da Zango na Damagaram kyauta. Agege magani ce, ana shan ta da awo. Sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, ka je da safe ka dawo kafin dare. In za ka je, ka sayi katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgi da shi, ka duba jadawalin jirgin ƙasa na Red Line da ke bi ta Yaba da Oshodi da Ikeja zuwa Agege, don ba kowane lokaci yake tashi ba, amma in ka dace ya raba ka da gosulo.

Sauran Asabar ɗin ka ba garin. Ka samu ɗan ajinku ɗaya, Bayarabe ko Ibo, wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, ka ce ya raka ka gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. A can aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashi suna nan a jikinta. Ka tsaya ka karanta bayanin da ke gefe da ƙarfi, abokinka ya gyara maka lafazi, daga nan ka ciro takardar naira 20 ka dubi fuskar mutumin. Wata Asabar ku yi sammako zuwa Badagry ku ga gidan bene na 1845 da gaɓar da ake loda bayi. Tafiya ce mai nisa, ku juyo da la'asar. In an gayyace ka bikin aure na Yarabawa ka je, ka ci shinkafa, ka ga yadda ake kashe kuɗi a kan anko. In an zo da abin da addininka bai yarda da shi ba ka ce na gode, Musulmi sun yi yawa a cikinsu, ba wanda zai yi mamaki. Lahadi da safe kuma, lokacin da rabin hostel ya tafi coci, titi ya yi sauƙi, ka yi wanki, ka ɗauki littafi ka zauna a bakin ruwan da ke bayan makaranta inda ake hango gadar Third Mainland.

Abu ɗaya game da mota: danfo, bas ɗin haya ta Legas, ka hau ta a tasha. Kada ka tsayar da ƙaramar mota a gefen titi da dare don ka ga mutum uku a ciki, wani lokaci duk bakinsu ɗaya.

Ita kuwa Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ba kwaɗayi ba ne. Duk wanda ta sani da ya tafi Ikko ci-rani ya je, kuma ya aiko. Ba ta da dalilin ɗaukar tafiyarka dabam sai ka bayyana mata. Ka kira ta ranar Lahadi bayan la'asar, ka sa ya zama ƙa'ida, ka gaya mata dalla-dalla nawa ake ba ka, nawa abinci ke ci, nawa mota ke ci. Ka faɗa da jika da dala yadda za ta gane, kada ka faɗa da naira, domin dubban naira a kunnen wanda ke nesa kamar dukiya ne. In akwai yaya ko kawu da take jin maganarsa, ka fara yi masa bayanin, shi ya isar. In ka rage zirga-zirgar Agege za ka ga ɗan abin da ya saura a ƙarshen wata. Ka tara shi, in direban garinku zai koma ka ba shi turmin atamfa ɗaya daga kasuwar Balogun da ƙwaryar goro ya kai mata.