Amsar Maigida Kan Ɗora Tsohon Injin Detroit a Tsohuwar A-kori-kura

Yarona, ka tambaye ni ko zai yiwu a cire injin fetur daga tsohuwar a-kori-kura, irin Chevrolet ko Ford ta shekarun 1960 da 1970, a ɗora mata tsohon injin dizal na Detroit mai bugu biyu, kuma idan zai yiwu daga ina ake farawa. Zai yiwu, an kuma sha yi. Sai dai ina so ka sani tun yanzu cewa ɗaga injin da sauke shi cikin motar shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin shi ne gyara motar har ta iya zama da wannan inji, domin ba don ita aka ƙera shi ba, kuma duk abin da ke cikinta, daga sifirin zuwa birki da giya, an auna shi ne da injin da ya fi wannan sauƙin nauyi da saurin juyi.

Sai ka san yadda injin yake numfashi kafin ka taɓa shi da sifana. A injin da ka saba da shi mai bugu huɗu, sai karanshaf ya juya sau biyu kafin kowace silinda ta yi wuta sau ɗaya. Shi kuwa wannan, duk juyi ɗaya kowace silinda sai ta yi wuta, shi ya sa in yana juyi 2,000 a minti kunnenka zai ce maka 4,000 yake yi. Ba shi da bawul na shigar iska. Akwai ramuka kewaye da jikin silibin, wato bututun ƙarfen da fistan yake hawa da sauka a cikinsa, kuma idan fistan ya sauka ƙasa ya buɗe su, sai bulowa, wato famfon iska da injin da kansa ke juyawa, ta turo sabuwar iska ta cikinsu, iskar ta kori hayaƙi ta bawul ɗin da ke kan inji. Kada ka ɗauki bulowar nan a matsayin kayan ƙarin ƙarfi irin na motocin tsere, domin in babu ita injin ba zai ma tashi ba. Haka kuma ba shi da babban famfon nozul irin wanda ka sani a sauran injinan dizal. Kowace silinda tana da nozul ɗinta wanda shi ne famfon kansa, kamshaf ne ke danna shi, sannan akwai sandar ƙarfe guda da ke haɗa su duka tana ƙara musu mai ko ta rage.

Sashen dizal na kamfanin General Motors a Amurka, wanda aka sani da Detroit Diesel, ya fara fitar da jerin 71 a 1938, sannan jerin 53 a 1957. Lambar tana nuna yawan abin da cikin silinda ɗaya yake ɗauka ne da awon inci kubik, wato 4-53 yana nufin silinda huɗu, kowace 53, jimla 212, kimanin lita 3.5. Mutane da yawa suna kwaɗayin 4-71 saboda sunan da ya yi a manyan motoci da janareto, amma ni ba zan ba ka shawarar sa shi a a-kori-kura ba, domin ya yi nauyi da tsayi ƙwarai, kuma juyinsa yana tsayawa ne wajen 2,100. Shi 3-53 zai shiga cikin sauƙi, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, zai wahala da lodi a hawa. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne 4-53, wanda yake kai juyi 2,800, yana kuma ba da ƙarfin doki tsakanin 120 da 140 gwargwadon nozul ɗin da ke cikinsa, kuma mai tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji) ya fi haka.

Ba kowane 4-53 ne ya dace da mota ba, kuma a nan ne masu gaggawa suke yin asara. An yi waɗannan injinan don jiragen ruwa, da janareto, da famfunan ruwa, da motocin ɗaga kaya, kowane da nasa tsarin. Ka karanta lambar da ke jikin bulo: wanda ya fara da 5047 na mota ne, 5043 na aikin masana'anta, 5042 na jirgin ruwa. Ka tabbatar da ɓangaren da yake juyawa, domin akwai masu juyin hagu, musamman a cikin na jirgin ruwa, kuma in ka haɗa irinsu da giyabos na mota za ka samu giyoyin gaba suna kai ka baya. Sannan ka dubi gwamna, wato na'urar da ke tsare juyin inji ta hanyar ƙara mai ko rage shi. Na mota yana tsare juyin ƙasa ne da na ƙoli kawai, abin da ke tsakani ya bar wa ƙafar direba. Na masana'anta kuwa duk inda ka ajiye totur zai yi ta ƙoƙarin riƙe wannan juyi ko ta halin ƙaƙa, sai motar ta riƙa fizga a hannunka. Ana iya sauya shi, amma gara ka san da hakan kafin ka biya kuɗi.

Wani alherin wannan inji shi ne yana barin ka duba cikinsa ba tare da ka kwance shi ba. Ka cire ƙananan murafen da ke gefen bulo, ka haska tocila ta ramukan silibi, ka sa a juya karanshaf a hankali da hannu, za ka ga ringi da jikin fistan suna wucewa a gabanka. In ka ga ringi a karye, ko zane mai zurfi a jikin fistan, ko alamar ruwa, ka san akwai aikin silibi da fistan a gabanka.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan takarda. Injin nan yana iya ƙwacewa, wato ya yi ta ƙara juyi ba tare da iko ba har ya tarwatse, kuma hakan yana faruwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce idan ya daɗe a ajiye, nozul ɗaya ya kafe. Lokacin tayarwa gwamna yana tura sandar mai zuwa ƙarshe, kuma a tsohon tsari nozul ɗaya da ya kafe a can yana iya riƙe sauran duka, gwamna ya kasa jawo su baya. Saboda haka kafin ka taɓa kik a injin da ya kwana biyu bai yi aiki ba, ka cire murfin sama, ka motsa sandar da hannunka, ka ga kowane nozul yana shiga yana fita ba tare da sarƙewa ba. Hanya ta biyu ta fi muni, ita ce idan sil ɗin bulowa ko na tabo ya lalace, baƙin mai ya riƙa bin iska zuwa cikin silinda. Injin dizal yana ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas, don haka ko ka rufe mai ba zai tsaya ba, zai ci gaba da shan mansa. Maganinsa ɗaya ne, a toshe masa iska. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da ƙyauren gaggawa a bakin bulowa, kuma idan naka ba shi da shi sai ka nemo ka sa, ka ja wayarsa har gaban direba inda hannu zai kai ba tare da lalube ba. Ranar tayarwa ta farko ka cire bututun iska, ka tsayar da mutum riƙe da faffaɗan ƙarfe ko katako mai kauri wanda zai rufe bakin baki ɗaya. Kada kowa ya kai tafin hannunsa wurin, kada kuma a cusa tsumma, domin bulowa za ta haɗiye shi. Ka kuma sani cewa ƙyauren nan ba makashin yau da kullum ba ne, yawan rufe shi injin yana gudu yana lalata sil ɗin bulowar. Kashe injin na kullum da wata waya ce dabam wadda take mayar da sandar nozul inda babu mai, domin murɗa makulli kaɗai ba ya kashe shi sai in ka sa masa na'urar lantarki da za ta ja sandar.

Sai maganar nauyi. Injin 4-53 yana kai kimanin kilo 500, wato kusan ninki biyu na ƙaramin V8 na fetur da za ka cire, kuma duk wannan ƙari a kan tayoyin gaba zai zauna. Shi ya sa nake cewa ka nemi a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, ko aƙalla kashi uku cikin huɗu na tan, ka bar mai rabin tan. Ka ƙarfafa sifirin gaba, ka bincika shasi da guduma domin tsatsar da ta ɓuya, musamman wajen da akwatin sitiyari yake ɗaure. Injin dogo ne daga ƙasa zuwa sama, don haka a ƙasa kaskon baƙin mai zai nemi ya taɓa aksul ko ƙarfen da ya gitta shasi, a sama kuma murfinsa zai nemi bonet. Kada ka kunna injin walda tukuna. Ka rataye injin haɗe da giyabos a cikin motar, ka tokare shi da katako, ka auna ko'ina, ka juya sitiyari iyaka hagu da iyaka dama, ka bar wa aksul wurin da zai tashi in mota ta faɗa rami, ka kuma daidaita karkatar injin da ta furofela. Sai komai ya zauna sannan ka yanka ƙarfen mazauni, ka sa masa roba mai kauri, domin injin yana da girgiza, kuma tsohon jikin mota ba zai jure ta ba in an ɗaure ƙarfe da ƙarfe.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai bayan sun gama aiki shi ne giya, saboda ba su yi lissafi ba tun farko. Bayan injin Detroit an yi shi ne da awon SAE na manyan motoci, ba zai haɗu kai tsaye da giyabos na a-kori-kura ba, sai ka samu farantin haɗi da fulawil da kuloci da suka dace, ko kuma ka ɗauko giyabos na matsakaiciyar babbar mota wanda ya zo da wannan awo. Amma haɗuwar noti ba ita ce ƙarshen magana ba. Injin fetur yana wuce juyi 4,000 ba tare da damuwa ba, wannan kuwa gwamna zai tare shi a 2,800. Ɗauki misali: aksul ɗin baya 4.10 (wato furofela ta juya sau 4.10 taya ta juya sau ɗaya), taya mai tsayin inci 31, giyar ƙarshe kuma ɗaya da ɗaya kamar yadda take a tsohon giyabos mai giya huɗu irin SM465. A juyi 2,800 motar za ta yi kusan kilomita 100 a awa, kuma iyakarta ke nan, injin yana kururuwa har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. A juyi 2,200, inda ya fi jin daɗin doguwar tafiya, kilomita 80 kawai za ka samu. In ka sa giyabos irin NV4500 wanda giyarsa ta biyar take 0.73, wannan juyi na 2,200 zai ba ka kusan kilomita 110. Ka yi wannan lissafi da taka tayar da naka aksul ɗin a kan takarda kafin ka sayi komai. Kada kuma ka zarce ka sa giya mai tsawo fiye da kima, domin injin ba ya son a danne shi da lodi a ƙaramin juyi, zafi zai taru a kan fistan. Akwai ma wani halin nasa da ya kamata ka sani: in ka bari ya kusa mutuwa a kan hawa motar ta gangara baya cikin giya, yana iya tashi da juyin baya, ka ga hayaƙi yana fita ta wurin shan iska. In hakan ta faru ka kashe shi nan take, domin famfon baƙin mai ba ya aiki a wannan hali.

Birki ba a wasa da shi. Sabo (servo, na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi) na motar fetur yana dogara ne da zuƙar iskar da inji ke yi a bayan kafireto, shi kuwa dizal ba ya yin wannan zuƙa, don haka ko ka sa famfon zuƙa, ko ka koma sabo mai aiki da man sitiyari, wanda ni na fi so saboda ƙarin nauyin. In gaban motar birkin ganga ne, ka mayar da shi na faifai. Tankin mai yana buƙatar bututun dawowa, domin man da ke zagayawa shi ne yake sanyaya nozul, kuma kada ka cire ɗan matsattsen mahaɗin da ke bakin wannan bututu, shi ne yake riƙe matsin mai. Ka guji tanki ko bututun da aka shafe da zinki, gas yana cin sa ya kai dattin cikin nozul. Ka sa matattara biyu, batir biyu da waya mai kauri, da lagireto mafi girman da gaban motar zai ɗauka.

Baƙin man da yake so shi ne SAE 40 zalla mai ƙarancin toka, irin wanda aka yi wa alamar CF-2, ba 15W-40 da ka saba zuba wa sauran injinan dizal ba, domin toka tana taruwa a ramukan silibi da ringi da bawul. Za ka ga ƙananan bututu biyu ko ɗaya suna ɗigar da mai daga gefen bulo. Kada ka toshe su don tsabta, su ne suke fitar da man da ya taru a ɗakin iska da ke kewaye da silibi, sai dai ka ja su zuwa cikin gwangwani ka riƙa zubarwa.

Idan tattalin mai da kwanciyar hankali kawai mai motar yake nema, ka gaya masa gaskiya cewa inji mai bugu huɗu irin Cummins 4BT zai fi masa sauƙin haɗawa da sauƙin zama. Detroit na mai son muryarsa ne da sauƙin gyaransa, ni ma ina cikin masu son sa, kuma ina ganin ya cancanci wahalar. Ka kuma sa shi ya binciki dokar inda yake game da sauya inji da hayaƙi kafin a yanka ko ƙarfe ɗaya. Ranar gwaji ka fara da fili inda babu mutane, ka gwada birki kafin gudu, idonka a kan agogon zafi da na matsin baƙin mai, sannan bayan tafiyar farko ka shiga ƙarƙashin motar ka sake ɗaure kowane noti na mazaunin inji da na furofela.