Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan yi wa gidan harsashi na roba kaushi

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: ka ce gidan harsashin bindigarka na roba, wato kwanson da ake jera harsasai a ciki a saka wa bindiga, yana zame maka a hannu idan ka yi zufa a filin harbi, kana so ka yi masa kaushi da kanka. Ina zaune a Texas shekaru da dama, kuma na lalata guda biyu kafin na gane kan abin, don haka ga abin da na gani.

Abin da mutanen nan suke yi shi ne su ɗauki ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, su riƙa ɗiga bakinsa a jikin robar, ɗigo bayan ɗigo, har wurin ya yi kaushi. Duk wanda ya taɓa ganin masu zanen ƙwarya suna ƙona ta da wuƙa mai zafi ya san hannun da ake bukata. Sai dai ƙwarya tana da kauri, jikin gidan harsashi kuwa siriri ne. Na farkon da na yi, na daɗe da ƙarfen a wuri ɗaya, robar ta lotsa ta ciki, abin da ke tura harsashi sama ya riƙa maƙalewa a daidai nan. Daga waje kyakkyawa ne, amma ya tashi aiki.

Saboda haka shawarata ka fara da tef mai yashi, irin wanda ake mannawa a allon sulu mai taya na yara. Ka wanke robar da sabulu, ta bushe sarai, ka yanka tef ɗin ka zagaye gefunansa don kada ya ɓaɓɓake, ka manna gaba da baya. Ka yi wata guda kana harbi da shi. In ya yi maka, ka huta. In bai yi ba, ka ɓare, ba ka yi asarar komai ba.

In kuwa ka nace sai ƙonawar, to ka kwashe harsasai duka, ka cire ƙasan da sifirin, ya zama kwanso kawai ke hannunka. Ka saka shi a bindigar da ba komai cikinta, ka ja layi da fensir daidai inda ya fito waje. Daga layin nan zuwa sama haramiyarka ne, musamman leɓɓan da ke riƙe harsashi da ramin da maƙullin ke kamawa. Robar da ta narke tana tasowa kaɗan, in ka haura layin gidan ba zai ƙara faɗowa da kansa ba idan ka danna maɓalli. Ka koyi hannu a kan tsohon bokiti tukuna. Taɓawa kawai ake yi a ɗaga, ba dannawa ba. Ka yi a waje ko gaban taga, hayaƙin robar nan yana sa ciwon kai. Bayan ka gama ka bi da samfefa mai laushi, in ba haka ba zai ci maka tafin hannu ya kuma yage jakar da kake ɗaura wa a ƙugu.

Ka duba wane iri ne naka ma. Kamfanin Magpul ya fito da gidan harsashi na roba mai suna PMAG a 2007, kuma samfurin Gen M3 ya zo da nasa kaushin gaba da baya. In shi ne da kai, wataƙila safar hannu ce kawai maganinka. Kuma da zarar ka ƙona, kada ka sa ran kamfani zai karɓe shi.

Ban san jiharku ba, amma ka duba doka: Kalifoniya da Niyok sun ƙayyade cin gidan harsashi kada ya wuce harsashi 10, Colorado kuma 15 tun 2013, dokar da ta sa Magpul ta kwashe kayanta zuwa Wyoming da Texas. 'Yan'uwa da ke karantawa daga gida Najeriya, wannan magana ce ta masu izini a Amurka. Irin wannan bindiga doka ba ta yarda farar hula ya riƙe ta a can ba.

In ka manna tef ɗin, turo mana hoto mu ga yadda ya yi.