Ƙofar wadrob: mai hinji ko mai zamiya?

Hajiya, kin tambaya wace ƙofa za a sa wa wadrob ɗin ɗakin amarya, mai hinji ko mai zamiya da kafintoci ke kira silaidin. Kafin a je maganar kyau, a ɗauki tef a auna tsakanin gado da gaban wadrob. In ya kai ƙafa 3, mai hinji za ki sa. Sai in wurin ya matse ne za a koma wa mai zamiya.

Dalili kuwa ƙurar Kano. Da hunturu ya kama, ƙura da gashi suke cika layin da tayoyin mai zamiya ke bi a ƙasa, ƙofa ta fara cijewa, yara su finciketa, taya ta goce. In dole sai ita, a sa layin alminiyam mai kauri, a riƙa share shi da busasshen buroshi, kada a zuba masa mai, man ne ke kama ƙura ya zama dauɗa. Zurfin wadrob ɗin kuma ya kai santimita 65, don layin yana cin kusan 10, in ba haka ba hannun riga zai riƙa maƙalewa.

Mai hinji kuwa, faɗin kowane ɓangare kada ya wuce ƙafa 2. Doguwar ƙofa mai ƙafa 7 hinji 4 take so. Kafinta ya sa 2 don ragin kuɗi, wata kaɗan za ki ga ta sunkuya tana gogar 'yar'uwarta. In da madubi a jikinta, a ƙara hinji ɗaya.

Katakon ma ki sa ido. Allo ya kai kaurin milimita 18, kuma a rufe dukkan bakunansa, har na ƙasa da ido ba ya gani. Ta nan ruwan mofa ke shiga MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ya kumbura, kuma in ya kumbura ba gyara. Shi ya sa ake ɗaga wadrob a kan ƙafafu masu tsawon kamar inci 4. In katakon gaske za a saya a kasuwar katako ta Na'ibawa, a tabbatar busasshe ne. Ɗanye yana shan iskar hunturu zai karkace ya tsage. A shafa masa maganin gara tun kafin fenti.

Hinjin kuma, don Allah, ki aika kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo mai nauyi wanda ke rufewa a hankali, a damƙa wa kafintan hannu da hannu.