Me ya sa ake girmama cakulan haka a ƙasashen waje?

Tambaya: Malam, ƙanena ya dawo daga karatu a Turai da tsarabar cakulan, yana ta ririta shi kamar zinare. Ni kuwa a ganina alawar yara ce. Me ya ba shi wannan daraja? Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Hajiya, ki tuna matsayin goro a wajenmu. Ba don ƙoshi ake raba shi a ɗaurin aure ko suna ba, girmamawa ce. To, haka koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, yake a wajen mutanen da suka fara shan sa. Abin mamaki ma, masana tsirrai sun sa bishiyar koko da ta goro a dangi ɗaya, kuma dukkansu suna ɗauke da sinadarin da ke wartsake jiki.

Asalin koko nahiyar Amurka ne. Ƙabilun Maya da Aztek na yankin Meziko niƙa shi suke yi su dama da barkono, su sha da ɗacinsa, ba sukari. Abin shan sarakuna da mayaƙa ne, Maya kuma har a bikin aure suna sa shi. 'Ya'yansa kuwa kuɗi ne a kasuwa, kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri a Kurmi.

Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, aka zuba masa sukari. Sai 1847 aka fara yin na tauna a Ingila, mai madara kuma a Suwizalan a 1875. Daga nan ya zama abin kyauta. A Japan, mata ne ke ba maza ranar 14 ga Fabrairu, mazan su rama ranar 14 ga Maris.

Abin da ke ci mini rai shi ne, fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, mu ma ana noma shi a Ondo da Kuros Riba, amma riba mai tsoka tana wajen masu sarrafa shi a Turai. Mu nan galibi a Milo da Bournvita muka san shi, a teburin mai shayi.

Tsarabar ƙanenki kuwa, gara ya ririta ta. Man koko kafin ya kai zafin jikin mutum yake narkewa, zafin Kano na watan Afrilu kuma kin san shi. Ki sa ta a firiji, in da wuta.