Amsa ga 'yar'uwar da maƙwabciyarta ke shan duka

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da na ga tambayarki raina bai kwanta ba. Kin ce maƙwabciyarki mai 'ya'ya uku mijinta na dukanta, duk sanda ta yi yaji iyayenta su maido ta da "ki yi haƙuri, kowa da haka yake zaune", kina tambayar ina za ki kai ta, kuma ko shiga sharo ba shanu za ki yi. Ba shiga sharo ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. A Kaduna nake, kuma ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi shekara shida cikin irin wannan zaman.

Bari in fara da kuskurena don kada ki maimaita. Ranar da na gane, na je gidanta da rana tsaka ana zafi, na tarar da ita da hijabi a tsakar gida. Na dama mata kunu ta kasa haɗiya, ta ce maƙogwaro ke mata ciwo. Da na ɗaga hijabin sai ga shatin yatsu a wuyanta. Zuciya ta ɗebe ni, na jira mijin ya dawo na wanke shi tas a ƙofar gida. A daren ya lakaɗa mata wani dukan, ya ƙwace wayarta, ya hana ni shiga gidan wata huɗu. Na huce haushina, ita ta biya. Don Allah kada ki tunkari mijin, kuma kada ki ɗauki wani mataki ba da saninta ba.

Wadda ta cece ta wata dattijuwa ce da katangarsu ke haɗe. Ba ta taɓa ce mata "fita" ko "zauna" ba. Abin da ta ce kawai, ƙofata ba sakata, ko ƙarfe nawa ne. Suka shirya cewa in babbar 'yar ƙanwata ta zo neman ashana da daddare, to abu ya ɓaci, sai dattijuwar ta tashi ɗanta da wani maƙwabci su je su yi sallama. A ɗakinta aka ajiye wata leda: takardun haihuwar yara, katin asibiti, katin banki, kuɗin mota da kaya kala ɗaya-ɗaya. Hotunan raunukan ma a wayar dattijuwar aka ɗauka, don shi yana bincika tata. Wannan aikin ke za ki iya shi, ba ofishin da zai yi miki.

Sai asibiti. A nan mata da yawa ke cutar kansu, likita ya tambaya su ce a banɗaki suka zame. Ki lallashe ta ta faɗi gaskiya a rubuta a kati da kwanan wata, ko da ba ta da niyyar kai ƙara yau. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da kuma Kafanchan. A Kano akwai Waraka a asibitin Murtala, a Sakkwato akwai Nana Khadija. Don waɗanda aka yi wa fyaɗe aka fi sanin su, amma aikinsu ya haɗa da duba rauni, kwantar da hankali cikin sirri, da haɗa mutum da lauya ko 'yan sanda in ya so. In abin ya haɗa da fyaɗe, musamman ga yarinya a gidan, kada a wuce awa 72, don a cikinsu ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki.

Ban ƙi sulhu ba. Allah da kansa ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 35, a tashi mai sulhu daga danginsa da wani daga danginta. Amma zaman da aka yi mana sau biyu, maza ne a zaure suka gama magana, aka leƙo aka ce mata ta ɗauko mayafi. Ba wanda ya tambaye ta komai. Na uku ne ya yi amfani, da kawunmu ya dage sai ta yi magana da bakinta gaban mai unguwa da liman, aka rubuta alkawari, mijin ya sa hannu. Ya karya alkawarin, amma takardar ta zama hujja.

Ga abin da na so a ce na sani tun farko. Da muka kai maganar rabuwa, kowa ce mana yake sai ta yi khul'i, ta maido sadaki. Wata lauya ta ƙungiyar FIDA, ta lauyoyi mata, ita ta fahimtar da mu cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke bi, matar da ta tabbatar miji na cutar da ita alƙali na iya raba auren saboda cutarwa, ba ta biya ko kwabo ba. Sharaɗin shi ne hujja. Nan katin asibiti ya yi rana, da takardar mai unguwa, da shaidar maƙwabtan nan biyu da suka sha yin sallama cikin dare. Haka barazanar "in kin fita kin bar min 'ya'yana", wadda ita ta fi komai ɗaure ƙanwata. A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, matuƙar ba wani dalili da ya kawar da haƙƙin, ciyarwa kuma tana kan uba. Ranar da ta ji wannan ta yi kuka kamar ranta zai fita, don shekaru tana zaton ba ta da komai.

Akwai kuma dokar VAPP ta hana cin zarafi, wadda aka sa wa hannu a 2015, Kaduna ta yi tata a 2018. A ƙarƙashinta kotu na iya ba da umarnin kariya, a hana mutum kusantar wadda yake cutarwa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi FIDA, ko hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ko ƙungiyar WRAPA mai kare haƙƙin mata. In za ku je wajen 'yan sanda ku nemi sashen da ke kula da mata da yara, kuma kada ta je ita kaɗai. Mu zuwanmu na farko wani jami'i ce mana ya yi maganar gida ce, mu je mu shirya. Da muka koma da lauya da katin asibiti, sai ga shi an ɗauko biro.

Inda muka fi rauni shi ne wurin fakewa. Gidajen da mace za ta ɓuya da 'ya'yanta ba su da yawa a Arewa, don haka tun yanzu ku gano wane ɗan'uwa ne zai ba ta ɗaki ba tare da gori ba. Ku yi tunanin abin da za ta ci kuma. Matan Islamiyyarmu ne suka ba ƙanwata ɗaukar farko a adashe ta sayi keken ɗinki.

Kuma ki shirya zuciyarki, tana iya komawa. Tawa sau biyu ta koma bayan duk wahalar da muka sha, na ji kamar in cire hannuna. Da na yi fushi na rufe ƙofa, da ba ta da inda za ta zo karo na uku.

Gobe in ya fita, ki shiga da ɗan ƙoƙon abinci, ki zauna, ki tambaye ta a hankali: ya taɓa shaƙe ta? Ya taɓa ɗauko wuƙa, ko ya ce zai kashe ta? Yana dukanta ko tana da juna biyu? Ma'aikaciyar jinyar da ta duba wuyan ƙanwata ta gaya min cewa shaƙewa na cikin manyan alamun cewa rai na cikin haɗari, kuma lokacin da mace ke shirin fita shi ne mafi haɗari, shi ya sa ba a sanar da miji ranar. In ta amsa e ga ko ɗaya, kada ku jira wani zaman sulhu, ku nemi waliyyinta da asibiti a ranar. Ki sa lambar gaggawa 112 a wayarki, ki haddace wa babban ɗanta lambarki.