Tambaya da Amsa: Gwiwata ta hana ni wasa, ko zan iya zama koci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Shekaruna 31, ina unguwar Zariya a nan Maradi. Na yi shekara tara ina buga baya, a nan gida da kuma wata ƙungiya a Yamai, har gwiwata ta hagu ta lalace, likita ya ce in haƙura. Yanzu kabu-kabu nake yi. Yaran unguwarmu suna zuwa ƙofar gida da yamma suna roƙo in horar da su, raina kuma yana so. Yayana ya ce wannan ɓata lokaci ne, wai wanda bai yi suna a fili ba babu mai sauraron shi a benci. Shin duk wanda ya iya wasa yana iya horarwa? Akwai ɗan Afirka da ya bi wannan hanya har ya ci nasara, in yi koyi da shi?

Mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ciwon nan kaffara ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu, domin ni ma na yi shekaru ina koyar da wasanni a lakwal, kuma na san yadda zuciya take yi idan ƙafa ta tsaya amma ido bai daina bin ƙwallo ba.

Tambayarka ta farko amsarta gajeriya ce: a'a. Maradona, wanda duniya ba ta ga irinsa da yawa ba, ya jagoranci Ajantina a gasar kofin duniya ta 2010, Jamus ta zuba masa 4 da nema. Shi kuwa José Mourinho bai taɓa yin suna a fili ba, da aikin tafinta ya shiga gidan manya. Wannan kaɗai ya isa ka kai wa yayanka, cikin ladabi.

Wanda nake so mu zauna a kansa shi ne Stephen Keshi, don shi ma ɗan baya ne kamarka. A Azare ta jihar Bauchi aka haife shi a 1962. Ya yi wasa a Legas da birnin Benin na Najeriya, ya ƙetara Abidjan ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, daga can ya tafi Beljiyam, Lokeren sannan Anderlecht, ya kuma yi Strasbourg a Faransa. A wancan zamanin ɗan Afirka a Turai ba abu ne da ake gani kullum ba, kuma ƴan ƙasarsa da dama ta hanyar da ya share suka bi. Shi ne kaftin ɗin Najeriya lokacin da ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994, bayan ta doke Zambiya 2 da 1.

Ka lura da wani abu a wannan shekarar. Ƙarfinsa ya fara ja baya, rauni ya dame shi. A gasar kofin duniya da aka yi a Amurka wasa ɗaya ya buga, na Girka. Amma kocinsu Clemens Westerhof bai bar shi a gida ba, don ya san idan Keshi ya yi magana a ɗakin sauya kaya kowa yana yin shiru. A ganina a wannan zaman benci ne kocin da ke cikinsa ya fara fitowa. Ɗan baya dama yana da wata riba da ɗan gaba ba shi da ita: duk filin yana gabansa. Shekara tara ka yi kana ganin wanda ya bar wurinsa, kana yi wa na tsakiya tsawa ya dawo, kana jan layi don a kama mai satar gida. Rabin aikin koci kenan, ka riga ka fara shi ba ka sani ba.

Sauran rabin shi ne mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Keshi yana mataimakin Shaibu Amodu lokacin da suka samar wa Najeriya gurbi a kofin duniya na 2002. Bayan gasar Afirka da aka yi a Mali a farkon shekarar, aka sallame su, wani ya tafi da ƙungiyar. Ya koma Togo a 2004, ƙasar da ba ta taɓa jin ƙamshin kofin duniya ba, ya kai ta gasar 2006, a rukunin da Senegal take ciki. Sai aka je gasar Afirka a Masar, Togo ta faɗi wasanninta uku, ga saɓani tsakaninsa da tauraron ƙungiyar, Emmanuel Adebayor. Aka cire shi, aka kawo Bajamushe Otto Pfister, shi ya je Jamus da yaran da Keshi ya haɗa. Sau biyu kenan mutum ya yi noma wani ya kai amfanin rumbu. Mu ma a nan mun ga irin wannan. Harouna Doula ya kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, gasar Afirka karon farko a tarihinmu, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Wanda ya ji ihun da aka yi a Maradi ranar da Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo a Yamai a 2010 ba zai manta ba. CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta zaɓi Doula gwarzon mai horarwa na Afirka a 2011. Da aka je gasar 2012, muna faɗuwa wasan farko a hannun Gabon, aka tura shi gefe aka miƙa ragamar ga Rolland Courbis. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Keshi bai jefar da usur ɗinsa ba. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010, sannan a 2011 aka ba shi Najeriya, wadda ko gurbin gasar 2012 ba ta samu ba. A nan ne ya yi abin da ya sa nake ambatonsa ga duk matashin da ya zo mini da irin tambayarka. Ya riƙa zuwa yana kallon wasannin cikin gida, ya tara yaran da ba a san su ba a sansani. Da lokacin gasar 2013 ya zo, ya bar manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki ƴan wasa shida masu bugawa a gida. Jaridu suka yi masa ca. Ya ajiye kaftin Joseph Yobo a benci a yawancin wasannin, ya sa Godfrey Oboabona, yaro daga Sunshine Stars, a tsakiyar baya. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe suka haɗu da Kwaddebuwa ta su Drogba da Yaya Touré, kusan kowa ya ɗauka an gama. Sunday Mba, ɗan wasan gida, shi ya ci ƙwallon da ta raba gardama. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, a wasan ƙarshe, Mba ɗin nan ne kuma ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo, kofi ya tafi Najeriya. A wani gidan kallo na Sabon Gari na kalli wasan, rabin ɗakin suna bayan Burkina, amma da aka nuna Keshi an ɗaga shi sama kowa ya tafa. Shi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne suka ci wannan kofi suna ƴan wasa, suka kuma ci suna masu horarwa. A 2014 ya samu zuwa kofin duniya da ƙungiyar da ya gina da hannunsa, ya kai zagaye na biyu, Faransa ta fitar da su 2 da nema. Ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016 yana da shekara 54.

Abin da ya yi da Mba da Oboabona shi ne abin da ni na kasa yi wata rana. Ina riƙe da wata ƙaramar ƙungiya, muna da wasa mai muhimmanci, sai mai ba mu kuɗin mota ya aiko mini da sunan ɗan ƙanensa, ya ce a fara da shi. Ina da yaro marayan da bai taɓa fashin atisaye ba, da ƙafa yake zuwa daga bayan gari, kuma ya fi wancan nesa ba kusa ba. Na ajiye marayan. Bai ce mini komai ba, ya zauna ya riƙe mana jarkar ruwa har aka tashi. Bai sake dawowa fili ba. Shekaru sun wuce, ina ganinsa jefi-jefi a kasuwa, muna gaisawa da mutunci, amma ni na san abin da na yi. Za a kawo maka irin wannan takarda, ɗana, tun kana horar da ƴan shekara goma sha biyu. Ka yanke shawarar abin da za ka yi da ita tun kafin ta zo.

Sai maganar abinci, inda yayanka yake da gaskiya. Keshi kansa, da kofin Afirka a hannu, an yi watanni ana riƙe masa albashi. Don haka kada ka sayar da babur. Ka yi kabu-kabunka da safe zuwa azahar, bayan la'asar ka ba yaran awa ɗaya da rabi, kwana uku a mako. Ka je ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ka tambayi lokacin da FENIFOOT, hukumar ƙwallo ta ƙasa, za ta buɗe horon masu horarwa. Takardun CAF hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A, kuma ƙungiyoyin da suke biya takarda suke fara tambaya. Ka nemi wani tsohon koci a garin nan ka riƙa ɗaukar masa ƙwallaye kana kallon yadda yake tsara mako. Ka sayi littafin rubutu na dala arba'in ko hamsin, ka rubuta sunan kowane yaro, ƙafar da yake bugawa da ita, da abin da ya kasa yau. Kafin ka ɗauki yaro ka je ka gaida mahaifinsa, kuma wanda ya gudu daga lakwal ko makarantar allo kada ya taɓa ƙwallo ranar.

Gwiwar nan kuma ka daina gwada ta. Na san za ka so ka nuna musu yadda ake tare ɗan gaba da jikinka. Ka zaɓi babba a cikinsu ya nuna, kai ka tsaya ka gyara masa tsayuwa. Idan kun yi wata uku, ka sake rubuto mini, ka gaya mini yara nawa suka rage daga waɗanda kuka fara da su, da wanda a cikinsu ya fi ba ka wahala.